Shekara Uku Ban Shigar Da Haraji Ba, Ga Shi Ana Neman Takardun Don Bizar Matata

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan ƙasar Amurka ne, na yi aure a ƙasar waje cikin 2023, kuma har yanzu maiɗakina tana can. An amince da fom I-130, na neman ɗauko iyali, da na shigar mata, yanzu cibiyar biza ta ƙasa, NVC, tana neman fom I-864, na alkawarin ɗaukar nauyinta, tare da takardun haraji. Matsalar ita ce ban shigar da na 2022, 2023 da 2024 ba. A 2022 aikin albashi nake yi a wani sito, daga baya na koma tuƙin mota ta manhaja. Ga 2025 tana neman ƙarewa. Wani abokina ya ce na bara kaɗai ake dubawa, wani kuma ya ce in rubuta kuɗin shiga mai yawa don ya kai abin da ake so. Ina tsoron kada bashin haraji ya sa a hana ta biza. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, bashin haraji shi kaɗai ba ya hana mutum ɗaukar nauyin matarsa. Fom I-864 bai tambaye ka ko hukumar haraji ta IRS tana bin ka ba. Abin da yake nema biyu ne: ka shigar da bayanin harajinka kamar yadda doka ta ce, kuma adadin da ke cikin takardun ya nuna za ka iya riƙe iyali. Na farkon yana hannunka, cikin 'yan makonni za ka iya gama shi. Na biyun ne ya fi ba ni damuwa a kanka, saboda irin sana'ar da kake yi, kuma a nan zan fi daɗewa.

Abokinka na farko ya faɗi rabin magana ne. Gaskiya ne takardar da dole ka haɗa da fom ɗin ita ce ta shekarar ƙarshe, wato 2024. Ta shekaru biyun baya sai idan ka ga za ta ƙara maka ƙarfi. Amma a cikin fom ɗin akwai tambaya ƙarara: shin ka shigar da bayanin harajin tarayya na kowace ɗaya daga shekaru uku na baya-bayan nan? Amsar e ce ko a'a, kuma rantsuwa kake yi idan ka sa hannu. Ƙarƙashinta akwai gurbin jimillar kuɗin shigarka na kowace shekara. Umarnin fom ɗin ya fayyace cewa duk wanda ya wajaba ya shigar a ɗaya daga shekarun nan uku bai yi ba, to ya je ya shigar wa IRS tukuna, ya haɗo shaidar da ta fito daga hukumar. Wanda kuɗinsa bai kai matakin wajibci ba shi ne ake yarda ya rubuta bayani a madadin takarda. Kai ba ka cikin waɗannan. Ga marar aure ɗan ƙasa da shekara 65, matakin a 2022 dala 12,950 ne, mai aikin kansa kuwa da zarar ribarsa ta kai dala 400 ya shiga ciki. Mai aure da ke shigarwa shi kaɗai, dala 5 kacal aka sa masa. Saboda haka ukun duka za ka yi.

Ya kamata ka san kuma cewa IRS, a al'adarta, shekaru shida take waiwaya kafin ta ɗauki mutum a matsayin wanda ya daidaita. Idan akwai wata shekara kafin 2022 da ita ma ka tsallake, ka faɗa wa mai shirya maka takardun tun ranar farko. Shekarar da ba a shigar ba, wa'adin bincikenta ba ya fara tafiya, tana nan a buɗe har abada.

Matakin farko ba cike fom ba ne. Ka buɗe asusu a shafin IRS, za a tantance ka ta ID.me, ka sauke takardar da ke nuna duk albashi da kuɗin shigar da wasu suka kai rahoto a kanka, shekara bayan shekara. A cikinta za ka ga W-2, takardar albashi, na siton da ka yi aiki, da 1099, takardar kuɗin da aka biya ka ba a matsayin albashi ba, na kamfanin manhajar, har da na banki idan ya biya ka wani abu a kan ajiya. Wanda ya kasa buɗe asusun zai iya nema da fom 4506-T, sai dai yana ɗaukar lokaci. Amfanin wannan takarda shi ne ka san abin da hukumar ta riga ta sani, domin duk adadin da ka rubuta za a gwada shi da abin da ke hannunta. Ka duba kuma bayanin asusunka na kowace shekara, ko IRS ta riga ta shirya maka bayanin haraji da kanta. Tana yin haka ga wanda ya daɗe shiru, kuma idan ta yi ba ta cire maka kuɗin mai ko na gyaran mota, duk abin da aka biya ka take ɗauka riba. Wannan takardar tata ba ta zama madadin taka, kuma kana da damar shigar da naka na gaskiya a rage lissafin. Sannan ka shiga asusunka na direba ka sauke taƙaitaccen bayanin shekara-shekara, wanda ke nuna jimillar abin da fasinjoji suka biya, da kason kamfani, da mil ɗin da ka yi kana kan manhaja.

Yanzu ga inda direbobi suke faɗawa rami. Jami'in da zai duba I-864 ba ruwansa da abin da ya shiga asusun bankinka. Layin jimillar kuɗin shiga yake dubawa a fom 1040, babban fom ɗin harajin mutum, layi na 9 a fom ɗin shekarun nan, kuma ga mai aikin kansa abin da ke hawa wannan layi shi ne ribar da ta rage a jadawalin C bayan an cire kuɗin gudanar da sana'a. Ma'aunin da ake gwada ka da shi kashi 125 cikin 100 ne na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, wanda ake sabuntawa duk shekara a fom I-864P. A 2025, gida mai mutum biyu, kai da ita, dala 26,437 ne. Mai mutum uku dala 33,312. Alaska da Hawayi nasu ya ɗara haka. Sojan da ke bakin aiki kuma yake ɗaukar nauyin matarsa ko ɗansa, kashi 100 ake nema a wurinsa.

Ga misali, kuma misali ne kawai. A ce a 2024 jimillar da ke kan takardun manhajarka dala 52,000 ce. Ka yi mil 38,000 na aiki, kuma a shekarar IRS ta yarda a cire santi 67 kan kowane mil, wato dala 25,460. Kason kamfani da kuɗin waya da sauran ƙananan abubuwa su kama dala 6,000. Abin da ya rage dala 20,540 ne. Kai a ranka mai dubu hamsin da biyu ne, a idon jami'in biza kuwa mai dubu ashirin da ɗari biyar ne, kuma ka gaza ma'auni da dala 5,897. Abin da ya sauƙaƙa maka haraji shi ne ya tsuke ka a wajen biza. Na ga mutane suna murnar cewa mai shirya musu takardu gwani ne, ya mayar da ribarsu kusan sifili shekara da shekaru, sai ranar da suka tashi ɗauko iyali sannan gwanintar ta zame musu ciwon kai.

A nan shawarar abokinka na biyu take shigowa, kuma ina roƙonka ka yi watsi da ita. Ƙirƙiro kuɗin da ba ka samu ba a takardar haraji laifi ne a dokar tarayya, ko da kai ne za ka biya harajin ƙaryar daga aljihunka. Ɓoye kuɗin da ka kashe don riba ta kumbura shi ma bai halatta ba, domin matsayin IRS shi ne mai aikin kansa ya bayyana kuɗin shigarsa duka da abin da ya kashe duka. Kuma ka yi tunanin yadda abin zai bayyana a gaban jami'i: mutum ya yi shekara uku shiru, ya shigar da takardu uku a mako guda, sai ga ribar shekarar ƙarshe ta tsaya daidai bakin ma'auni, direba ne amma ba shi da kuɗin mota ko kaɗan. Jami'an nan irin wannan fayil suke gani kullum. Abin da ya fi muni, idan aka tabbatar an yi amfani da ƙarya da gangan wajen neman biza, dokar shige da fice tana iya haramta wa mai neman shiga ƙasar har ƙarshen rayuwa, kuma mai neman a nan maiɗakinka ce. Jinkirin wata uku ana wuce shi, wannan kuwa sai da neman afuwa mai wuyar samu.

Akwai dai zaɓi ɗaya na halas a lissafin mota: ko a bi farashin mil, ko a lissafa ainihin abin da aka kashe na mai, inshora, gyara da tsufan mota. Sakamakon biyun yakan bambanta, kuma akwai ƙa'ida kan wanda aka fara zaɓa a shekarar da motar ta fara aiki. Ka sa mai shirya maka ya lissafa duka biyun ka gani. Game da mil ɗin, idan ba ka riƙe littafin tafiya ba, rahoton manhaja da rasit ɗin canjin mai masu nuna lambar mita su ne madogararka. Kada ka yi kintace da ka.

To idan lissafin gaskiya ya gaza ma'auni fa? Hanyoyi uku doka ta buɗe. Ta farko dukiya: ɗan ƙasa da ke ɗaukar nauyin matarsa zai iya cike giɓin da kadarar da ta kai ninki uku na giɓin, wato dala 17,691 a misalinmu. Mai katin zama na dindindin ninki biyar ake nema a wurinsa. Dukiyar ta zama wadda za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara guda ba tare da an tagayyara ba, kamar ajiyar banki ko hannun jari. Motar da kake neman abinci da ita ba ta shiga, kuma kuɗin da aka zuba maka a asusu jiya-jiya za a tambaye ka tushensu. Ta biyu, ɗan'uwa da kuke gida ɗaya ya haɗa kuɗin shigarsa da naka ta fom I-864A. Ta uku, wadda na fi ba direbobi shawara a kanta, ita ce a samu mai ɗaukar nauyi na biyu: ɗan ƙasa ko mai katin zama, ɗan shekara 18 zuwa sama, mazaunin Amurka, wanda kuɗinsa shi kaɗai ya ishi gidansa haɗe da maiɗakinka. Ba lallai ya zama dangi ba. Wanda ke da albashi da W-2 na shekaru a jere ya fi kowa sauƙin karɓuwa.

Kada ka ɗauka samun mai tsaya maka ya sauke maka maganar haraji. Kai ne mai shigar da buƙatar, dole ka cike naka I-864 ko da kuɗin shigarka sifili ne, kuma tambayar shekaru ukun nan tana nan tana jiranka. Shi kuma wanda za ka roƙa, ka gaya masa gaskiyar abin da zai sa wa hannu, domin alkawari ne da kotu ke iya tilastawa, tun gyaran dokar 1996. Nauyin ba ya sauka sai ta zama 'yar ƙasa, ko an lissafa mata zango 40 na aiki, kimanin shekara goma ke nan, ko ta bar ƙasar ta rasa matsayinta, ko ita ta rasu, ko shi mai sa hannun ya rasu. Saki ba ya cikin abubuwan da ke sauke shi. Mutane da yawa suna sa hannu don kunya ba su san wannan ba.

Fom ɗin yana kuma tambayar kuɗin shigarka na yanzu, kuma wannan yana da nauyi. Ga mai albashi, wasiƙar wurin aiki da takardun biya na wata shida suna iya rufe raunin shekarar baya. Ga mai aikin kansa kuwa, jami'ai sun fi riƙe adadin da ke takardar haraji, tunda ba mai tabbatar da ribar bana sai shi kansa. Shi ya sa wasu direbobi suke komawa aikin albashi na dindindin kafin intabiyu. Idan kana da wannan damar, ka duba ta.

Sai maganar matsayin aure, inda kuskure ya fi yawa. Dokar haraji tana duba halin da kake ciki ranar 31 ga Disamba. A 2022 ba ka da aure, sai ka shigar a matsayin marar aure. A 2023 da 2024 kuwa mai aure ne kai, ko da maiɗakinka ba ta taɓa taka Amurka ba, kuma ko da ba ta da lambar komai. Masu shirya takardu na gaggawa sukan danna “marar aure” don manhajarsu ta wuce ba tare da ta nemi lambar mata ba. Ka ga abin da hakan ke haifarwa: a fayil ɗaya ka rantse wa hukumar shige da fice cewa aurenka na gaskiya ne tun 2023, a takarda ta gaba ka rantse wa IRS cewa ba ka da mata. Ba lallai wannan kaɗai ya kashe buƙatar ba, amma tambaya ce ka miƙa wa jami'i da hannunka, kuma ita ce za ta tsaya gaban taga tana amsawa ranar intabiyu.

Zaɓinka biyu ne. Ko ka shigar a matsayin mai aure da ke shigarwa shi kaɗai, ka rubuta sunanta, a gurbin lambarta ka sa haruffan NRA, ma'ana baƙuwa ce da ba ta zaune a ƙasar. Ko ku shigar tare, wanda ke buƙatar ku biyu ku sa hannu a takardar zaɓin a ɗauke ta kamar mazauniyar Amurka ta fuskar haraji, a bayyana duk abin da take samu a ko'ina a duniya, a kuma nema mata lambar haraji ta ITIN da fom W-7. Shigarwa tare ta fi rangwame: a 2024 abin da ake cirewa kai tsaye dala 29,200 ne, na mai shigarwa shi kaɗai 14,600. Amma W-7 yana tafiya da takarda ta gidan waya, yana neman fasfonta na asali ko kwafin da aka tabbatar, kuma amsarsa kan kai mako bakwai, har goma sha ɗaya a lokacin cunkoso. Fasfon da za ta buƙata don intabiyu ba abin sakawa a ambulan ba ne yanzu.

A ganina, mai gaggawa irinka ya bi hanya ta farko. Koma kan misalinmu ka gani. A ribar dala 20,540, babban abin da za a bi ka shi ne harajin mai aikin kansa, kashi 15.3 cikin 100 na fanshon gwamnati da inshorar lafiyar tsofaffi, kimanin dala 2,900, kuma wannan ba ya canzawa ko tare kuka shigar ko kai kaɗai. Bambancin yana kan harajin kuɗin shiga ne kawai, wanda a wannan misali bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Idan ta iso ta samu lambar SSN, wadda ake amfani da ita wajen aiki da haraji, doka ta ba ku shekara uku daga ainihin ranar wa'adin kowace takarda ku gyara ta da fom 1040-X ku mayar da ita ta haɗin gwiwa, ku karɓi rarar. Akasin haka ne ba a yarda da shi ba, wato a koma daga haɗin gwiwa zuwa ɗaiɗai bayan wa'adi ya wuce. Akwai matsayi na uku, na mai riƙe da gida, ga wanda matarsa baƙuwa ce amma yana da ɗa ko wani da ya cancanta a ƙarƙashinsa. Ba ka ambaci yara ba, don haka na wuce shi.

Wani gargaɗi a gefe: duk wanda ka rubuta a takardar haraji cewa yana ƙarƙashin kulawarka, za a ƙidaya shi cikin mutanen gidanka a I-864, ma'auni ya ƙara hawa. Kuma dangin da ke zaune a wata ƙasa, in ba Kanada ko Meziko ba, ba sa shiga wannan gurbi sai in 'yan ƙasar Amurka ne, komai yawan abin da kake aika musu.

Yanzu tara. Ta rashin shigarwa kashi 5 cikin 100 ce na harajin da ake bin ka a kowane wata, tana tsayawa a kashi 25. Ta rashin biya rabin kashi ɗaya ce a wata, ita ma iyakarta 25. A watannin da suka haɗu ana rage ta farkon, shi ya sa idan duka sun cika jimillarsu kashi 47.5 ce. Takardar da ta makara fiye da kwana 60 tana da mafi ƙarancin tara, dala 510 ga wadda wa'adinta ya faɗo a 2025, ko kuma adadin harajin gaba ɗaya idan bai kai haka ba. A kan wannan akwai kuɗin ruwa da ke taruwa kullum. Tarar rashin shigarwarka ta shekaru ukun ta riga ta kai ƙololuwa, tunda wata biyar ke cika ta. Abin da ke ci gaba da hawa shi ne ta rashin biya da ruwan. Idan shekaru uku kafin 2022 ba ka da wani tabo, ka nemi yafiyar karon farko, wadda ake iya samu ta waya, amma shekara ɗaya take rufewa.

Duk wannan ga shekarar da ake bin ka ne. Shekarar da aka cire maka fiye da kima daga albashi ba ta da tara ko sisi, kai ne ma kake bin gwamnati. Mai yiwuwa 2022 ɗinka haka take, gwargwadon lokacin da ka fara tuƙi. Rarar tana da wa'adin shekara uku, na 2022 tsakiyar Afrilun 2026 ne, bayan nan ta zama ta baitulmali. Ko da ka shigar a kan lokaci, za a fara biyan bashin sauran shekarun da ita kafin a ba ka abin da ya rage.

Rashin kuɗin biya kada ya hana ka shigarwa. Ka shigar, ka biya abin da ya sawwaƙa, sauran ka nemi biya wata-wata. Wanda jimillar bashinsa ba ta wuce dala 50,000 ba zai iya kafa yarjejeniyar a intanet da zarar takardun sun shiga, ko ya yi da fom 9465. Takardar yarjejeniyar da shaidar biya biyu ko uku abu ne mai kyau maiɗakinka ta riƙe a jaka ranar intabiyu ko da ba a tambaya ba. Inda bashi ke zama babbar matsala shi ne idan ya haura dala 64,000, adadin 2025, aka kuma yi biris da shi: IRS tana iya sanar da Ma'aikatar Harkokin Waje a hana mutum fasfo. Da wuya naka ya kai can.

Game da yadda za a aika, lokaci yana da muhimmanci a wurinka. Na'urar IRS tana karɓar shekarar da ake ciki da biyu na bayanta ta intanet, wato a 2025, shekarun 2024, 2023 da 2022 duka suna shiga, galibi ta hannun ƙwararren mai shirya haraji. Amma a ƙarshen kowace shekara ana rufe ƙofar na 'yan makonni, idan aka buɗe a Janairun 2026 kuma 2022 ta faɗo daga jerin, sai dai takarda. Bambancin ba ƙarami ba ne. Abin da aka aika ta intanet kana samun shaidar karɓa cikin kwana ɗaya ko biyu, tiransikirif ɗinsa, wato shaidar da IRS ke fitarwa, kuma yakan fito cikin 'yan makonni, ko da yake na mai bashi yakan ɗan ƙara jinkiri. Na takarda mako shida ne mafi ƙaranci, sau da yawa ya zarce. Idan dole ta sa ka bi gidan waya, kowace shekara da fom ɗinta na wannan shekarar, da ambulan ɗinta daban, da sa hannunka na biro, kuma ka aika ta hanyar da ake ba da rasit. Idan ba za a iya gama ukun a lokaci guda ba, a fara da 2024.

Tiransikirif ɗin nan, wato taƙaitaccen bayanin da IRS ke fitarwa da kanta, shi ne abin da NVC ta fi so, kuma ga wanda ya shigar a makare shi ne shaidar da ba a musu da ita, tunda kwafin 1040 kowa zai iya cikewa ya ajiye a gida. A ƙa'ida ana karɓar cikakken kwafi idan an haɗa shi da dukan jadawalai da W-2 da 1099, amma ga wanda ya makara irinka na hukuma umarnin fom ɗin yake nema, ka jira shi. Jiran mako uku ya fi a dawo maka da fayil, ka koma bayan layi, ko a ba ta takardar 221(g) a ofishin jakadanci a ce sai an kawo ƙarin shaida. Kada dai ka yi shiru da NVC har shekara ta zagayo, domin shekara guda ba tare da tuntuɓa ba tana iya sa a fara rufe fayil. Shiga shafin CEAC, inda ake ɗora wa NVC takardu, ka biya kuɗaɗen, dala 120 na I-864 da 325 na bizar, ka ci gaba da tara sauran takardunta yayin da harajin ke tafiya. Wanda matarsa ke cikin Amurka kuma hukumar shige da fice ta USCIS ta aiko masa da neman ƙarin shaida, nasa ya fi tsanani, domin wa'adin da ke kan wasiƙar ba a ƙara shi.

Harajin jiha ba ya cikin abin da I-864 ke nema, amma idan jiharka tana karɓa, a shirya shi tare. Jihohi irin su Tekzas da Fulorida ba sa karɓar harajin kuɗin shiga na mutum. Idan kuma kana da asusun banki a waje da jimillarsa ta taɓa haura dala 10,000 a cikin shekara, akwai rahoton FBAR da ake shigarwa daban, ka ambata shi.

Wa zai yi maka aikin? Ka nemi akanta mai lasisin CPA ko wakilin da IRS ta yi wa rajista, mai laƙabin EA, wanda ya saba da takardun baya da na masu aikin kansu. Duk mai shirya haraji don kuɗi dole ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN a takardar. Wanda ya ce zai cike amma kai za ka aika kamar kai ka yi, ko ya fara da tambayarka nawa kake so ya fito, tashi ka bar masa ofishinsa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, akwai cibiyoyin VITA na kyauta, sai dai ba kowace ke karɓar irin takardunka ba, da kuma ofisoshin LITC masu taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi a rigimarsu da IRS. Shi mai haraji haraji ya sani. Kafin ka ɗora I-864 a CEAC, ka biya lauyan shige da fice na sa'a guda ya duba adadin mutanen gida da takardun mai tsaya maka.

Abu na ƙarshe da za ka sa a lissafi shi ne 2025 kanta. Da wuya a kira ta intabiyu kafin 15 ga Afrilun 2026, kuma da zarar ranar ta wuce, shekarar ƙarshe ta zama 2025, jami'i zai iya neman takardarta. Ke nan ribar da kake samu a watannin nan ita ce mai yiwuwa za a auna ka da ita. Ka fara rubuta mil ɗinka daga yau, farashin 2025 santi 70 ne. Ka biya kason ƙiyasi na ƙarshe kafin 15 ga Janairun 2026 da fom 1040-ES don kada sabon bashi ya hau kan tsoho, sannan ka shigar da ta 2025 da zarar an buɗe a farkon shekara, ka aika mata tiransikirif ɗin ta haɗa da sauran takardunta.